Agogon da Ya Ƙi Tsayawa a Akwati na Uku

Ranar da aka sanar a rediyo cewa an ɗage dokar annoba, kowa ya cire takunkumi ya koma harkarsa, layinmu ya kaure da ihu kamar mun ci kofi. Mai aski ya wurga takunkuminsa saman rufin kwano. Mai shagon kayan masarufi ya rungume ni har haƙarƙarina na dama ya gaisa da na hagu, mutumin da ko gaisuwar kirki ba ma yi. Gida ɗaya ne kawai aka ji ƙarar guduma na tashi. Ɗan gwaggona ne, Mai Agogo, yake ƙara wa tagar shagonsa ƙusa.

Na faka babur ɗin hayana, na tsaya a bayan jan layin da ya shata da fenti taku huɗu daga tagar, na ɗaga murya.

"Huhu Ɗaya! Ba ka ji labari ba? An ce ta wuce."

Ya leƙo, ido biyu kawai a saman takunkumi. "Wa ya ce?"

"Hukuma."

"To ita cutar wa ya gaya mata? Rediyo gare ta?"

Ya ci gaba da buga ƙusarsa.

Bari in gabatar da shi, don wanda bai san shi ba zai ce mahaukaci ne, alhali rabi ne kawai. Uwarsa yayar ubana ce, shekara huɗu ya ba ni. Tun muna yara bai yarda da kowa ba. In ka miƙa masa alewa sai ya tambaye ka me ya hana ka sha. Gwaggo ta ce ko nono sai da ya sansana kafin ya kama. Ban ga wannan da idona ba, amma zan iya rantsuwa. Yana da shekara ashirin da 'yan kai tarin fuka ya kama shi, aka yi wata takwas ana ɗirka masa maganin mura ana cewa ba komai. Kafin a gano gaskiya huhunsa ɗaya ya ajiye aiki. Ɗayan da ya rage ma, in ya hau matakala uku sai ka ji kamar ana jan tebur a ɗakin maƙwabta. Tun daga lokacin babu maganar da ya tsana a duniya kamar "ba komai". In kana son ka ga ya tashi tsaye, ka ce masa ba komai.

Ya koyi gyaran agogo ne saboda aiki ne da ba ya cin numfashi. Shagon ɗakin gaban gidansa ne, taga ɗaya tana kallon titi. Akwai tebur da fitila mai lanƙwasa wuya, da madubin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da matsefata ta ɗaukar ƙananan ƙusoshi, da sukuddirebobi sirara kamar tsinken sakace, da gwangwanayen madara cike da gawarwakin agogo da yake cire wa kayan ciki. Yana taɓa tabarau da tocila ma in sun zo.

Amma in ana maganar gaskiya, rabin shagon matarsa ce, wadda ni nake kira matarmu. Sanƙarau ya tafi da jinta tana 'yar shekara tara, ya bar mata magana, ya kuma bar mata wasu idanu da ko allura ta faɗi a bayan gari sai sun gani. Baki take karantawa. Kafin annoba ita ce a taga. Mai kawo gyara zai zo ya yi bayani, tana kallon leɓɓansa, ta rubuta a 'yar takarda ta ɗaura wa agogon da zare, ta miƙa wa mijinta a baya. Takardunta kuwa ba irin na kowa ba ne. Sai ka ga ta rubuta: "Ya ce haka kawai ya tsaya. Ƙarya ne, ruwa ya faɗa." A buɗe agogo a tarar da tsatsa. Ta ce bakin mai ƙarya gefe guda yake fara motsi. Ni dai shekara goma sha biyu ke nan ina gwada ta, ban ci ko sau ɗaya ba.

Da annoba ta zo kowa ya rufe baki, sai tagar ta mutu a hannunta. Mutum zai tsaya yana ta bayani, ita ba ta ganin komai sai ƙyalle yana kumbura yana lotsawa. Ta taɓa ce mini, "Ɗan kawu, ba ranar sanƙarau na kurumce ba. Ranar da aka sa takunkumi ne."

Shi kuwa gogan naka lokacin ne ya hau mulki. Ya shata jan layin nan. Ya kafa faranti a kan sandar goge ɗaki, yana zuro shi ta taga, ka ɗora agogonka daga nesa, ka yi bayani da ihu kamar mai kiran kwale-kwale. Ya sa aka haɗa masa akwatunan katako uku. Duk abin da ya shigo yau akwati na ɗaya zai kwana. Da safe matarmu ta mayar da shi na biyu, washegari na uku, sai ya cika kwana uku sannan ya hau teburin maigida. Ya ji wani likita sau ɗaya a rediyo yana cewa ƙwayar cutar tana iya daɗewa a kan ƙarfe. Likitoci goma sun zo daga baya sun faɗi wani abu dabam, bai saurari ko ɗaya ba. Matar da take gano maƙaryaci daga leɓe ta koma mai kwashe akwati.

Kada a ce na yi masa sharri, amma shekara biyun nan ƙiba ya yi. Ya ce mini, "Shekara goma sha biyar ina ƙin miƙa hannu, ana ce mini mai girman kai. Ina ja da baya in an yi tari, ana dariya. Yanzu dubi, duk duniya ta zama ni." Maganinsa ma na wata uku ake ba shi a dunƙule, likita ya kira shi a waya, ba sai ya je ya zauna a benci tsakanin masu tari ba. Sati guda da ɗage doka saƙo ya shigo wayarsa cewa kowa ya koma bin layi kamar da. Ya karanta sau shida yana neman inda aka ɓoye tarkon.

Masu kawo aiki kuwa suka fara tsallake jan layi da baki a buɗe. Mai aski ya kawo agogonsa, aka ce ya sa takunkumi ya dawo bayan kwana uku, ya ce, "Haba malam, ai an wuce wurin." Ya tafi mararraba, inda wani sabon mai gyara ya kafa laima yana canja batir kana tsaye. Haka aka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, har gizo-gizo ya tare a akwati na biyu da iyalinsa. Tukunyar gidan ma ta fara sauƙin ɗauka.

Sai kuma, bayan wata guda, aiki ya fara dawowa. Kowane mai hankali murna zai yi. Shi kuwa ya daina cin abinci sosai.

Wata safiya ya kira ni a waya ya ce in zo yanzu. Na zo na tsaya a bayan layi. Ya zuro farantin nan, da wani ƙaton agogon ƙarfe a kai mai tsinkakken maɗauri, na wani direba.

"Ɗauki. Sa a kunne."

Na sa. "Yana tafiya. Lafiyarsa lau, har ya fi ka."

"Daga ina na ɗauko shi?"

"Ni na sani?"

"Akwati na uku." Ya jira maganar ta shige ni, ba ta shige ni ba. Ya ce, "Kai dai an yi asarar kuɗin alli. Wannan agogon ba ya shan batir. Motsin hannun mai shi ne abincinsa. In aka cire shi aka ajiye, kwana biyu ba ya cikawa sai ya tsaya. Wanda ya kwana uku a akwati gawa ya kamata in tarar. Wannan jiya-jiya yana hannun mutum."

"Wataƙila mai ƙarfin hali ne."

"Makon nan mutum biyu na gani a tagar nan da idona. Akwati na uku ya ba ni agogo bakwai. Aure suke yi a ciki? Na tambaye ta, ta ce suna zuwa ne in na kwanta da rana, su sa a faranti. To, na yarda. Amma wani yana tsallake da su akwati biyu." Ya nuna ni da matsefata. "Wa ke shigowa gidan nan da rana ya kawo burodi? Wa ya san duk direbobin garin nan? Wa aka taɓa kamawa ya sa mini ƙadangare a aljihu?"

"Ina ɗan shekara bakwai fa!"

"Hali ba ya tsufa."

Na rantse, na sake rantsewa, na kira kakanninmu na haɗin gwiwa. Ina cikin rantsuwar idona ya faɗa kan 'yar takardar da ke ɗaure a agogon. Rubutun matarmu ne: "Ya ce maɗaurin da kansa ya tsinke. Ƙarya ne, dambe ya yi." Nan rantsuwata ta ƙare. Shekara biyu ban ga irin wannan takardar ba. Ba yadda za a yi ta gane ƙaryar direba sai in ta ga bakin direba. Shi kuwa ya karanta takardar nan tun kafin in zo. Mutumin da ya zargi nonon uwarsa ya kalli rubutun matarsa ya tsallake, ya zo ya kama ni.

Ya ce, "In ba kai ba ne, ka kamo mini ko wane ne. Daga azahar zuwa la'asar ina kwance, likita ya ce dole. Ka sa ido."

Ranar na ɓoye babur a bayan shagon mai aski na zagaya ta lungun da ke bayan gidan. Tun kafin in sha kwana na ji dariyarta. Dariyar matarmu ba ta da maɓallin ragewa, tunda ba ta jin kanta, in ta saki sai tantabaru sun tashi a unguwa uku. Na manta rabon da in ji ta. Tana tsaye a kan wani tsohon kwandon lemo ta cikin gida, ƙirjinta zuwa sama ya leƙo ta kan katanga. A lungun ga wata malamar makaranta da tabarau a hannu, ga wani tsoho da tocila, fuska a buɗe kowannensu. Malamar tana ba ta labarin yadda ta zauna a kan tabaraun, matarmu tana kallon bakinta kamar mai jin yunwa ya samu tukunya.

Da suka tafi ta juyo. "Fito, rediyo mai jini. Tun ɗazu na ga kunnenka a bayan falwaya."

Na fito. Na ce, tana kallon bakina, "Matarmu, kin kashe mu. Agogon direba ya tona."

Na gaya mata yadda aka yi. Ta dafe kai. "Shegen agogo. Na ce masa gobe zai karɓa, in ba haka ba mararraba zai tafi. Duk haka nake ce musu. Ina goge kowanne da maganin hannu har sau biyu. Ina wanke hannu, in canja mayafi, sannan in shiga ɗaki."

"Ba kya tsoro?"

"Kai kana ganin ba na tsoro?" Ta sauko daga kan kwandon ta sake hawa. "In na gama nan, ɗakinsa nake shiga yana barci in ɗora hannu a bayansa. Ba na jin tari, sai dai in taɓa. In tsaya ina ƙirga numfashinsa har in gamsu. Kullum sai na ce gobe ba zan hau katangar nan ba." Ta kalli lungun. "Shekara biyu, ɗan kawu. Bakin mutum ɗaya nake gani a duniya, shi ma rabin maganarsa a kan ƙwayar cuta ne. Kada ka gaya masa."

To ni ina zan sa kaina? In na yi shiru wani ya yi mata atishawa a fuska ta kai masa, ni na haƙa kabarin ɗan gwaggona da babur. In na faɗa, na sake rufe mata duniya. Kwana biyu ina kai masa rahoton ƙarya. Ranar farko na ce agogon direban babbar mota ne, jijjigar hanya ta taru a cikinsa, zai iya wata guda bai tsaya ba. Rana ta biyu na ce na ga wata mage mai girman ɗan maraƙi tana tura akwatunan, motsin ne ya ciyar da agogon. Ya saurara, ya ce in ci gaba da sa ido. A rana ta uku ƙaryata ta ƙare. Ya ce, "Me ka gani jiya?" Na ce, "Ba komai."

Ya cire madubin daga idonsa a hankali ya ajiye.

"Kai da in ka ga kaza sai ka ce jimina ce ta bi ka. Yau ka tsaya awa biyu a titi ba ka ga komai ba." Ya daɗe yana kallona. "Je ka. Na gode."

Da azahar ta yi na ruga lungun don in gargaɗe ta, amma na makara. Tana kan kwandon tana karɓar agogo daga hannun wani mai gadi, sai na ga fuskar mai gadin ta canja, ya ja da baya ya bi lungu da sauri. Na ɗare katangar na leƙa. Mai Agogo yana tsaye a tsakar gida, dafe da igiyar shanya, ƙirjinsa yana sama da ƙasa. Takunkumi biyu ya sa, ɗaya kan ɗaya. A cikin gidansa bai taɓa rufe mata baki ba, ko a tsakiyar annoba.

Ta sauko. Ya fara magana, ƙyallen yana motsi. Ta ce, "Cire in ga abin da kake faɗa."

Ya girgiza kai. Ta matso, ya ja baya taku huɗu daidai, kamar akwai jan layi a wurin.

Ta ɗaga kai ta kalle ni a kan katanga. "Me ya ce?"

Abin da ya ce shi ne, huhu ɗaya gare shi, ya tsare masa ƙofar gaba da ƙusa, ashe an buɗe masa ta baya. Na ce mata, "Ya ce sannu da ƙoƙari, amma a riƙa kula."

"Ƙarya kake. Girarsa ba ta ce sannu ba."

Shi ma ya ce, "Kai, faɗa mata yadda na faɗa, ko in jefe ka da bokiti."

Na faɗa mata. Ta ce, "Maigida, da me za mu ci? Da akwati?"

Ya ce, yana tsayawa yana jan numfashi tsakanin kalmomi, "Gaya mata. Duk layin nan sun gama shawara. Masu ƙarfi za su yi mura su warke, irina kuma in mun tafi dama can ba lafiya gare mu ba. Ranar da suka yi ihun murna, abin da na ji ke nan. Ban ji haushinsu ba, ba su san yadda ake neman iska a rasa ba. Ita ta sani. Ita ta riƙe ni a asibiti. Tambaye ta, ita ma ta sa hannu a shawarar?"

Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaukar magana daga nan in kai can ba tare da na ƙara mata gishiri ba. Ranar na kai ta yadda take. Ina faɗa tana kallon bakina, hawaye yana zuba, ba ta ko ƙifta ido don kada kalma ta wuce ta.

Ta juya gare shi. "Ban sa hannu ba. Na yi laifi, na ɓoye maka. Amma kai da doka ta zo, duniya ta dawo wajenka. Ni ɗauke mini ita aka yi, ban ce uffan ba, saboda kai. Yanzu an dawo wa kowa da bakinsa, kai ka ce ni kaɗai zan ci gaba da zama a rijiya. Har yaushe? Ka faɗi rana in ji." Ta share fuska da mayafi. "Duk garin nan sun rufe mini baki ban yi kuka ba. Sai yau da ka rufe naka."

Bai faɗi rana ba. Ba shi da ita. Ya ce in gaya mata ta koma ƙaramin ɗaki ta yi kwana uku, a ga abin da Allah zai yi. Wato dai ya sa matarsa a akwati.

Kwana ukun nan ni ne mai kai burodi da ganyen shayi ina ajiyewa a bakin ƙofa. Yana zaune a teburinsa yana sauraron ƙirjinsa kamar agogon da aka kawo gyara. In ya yi gyaran murya sai ya tsaya ya jira ya ga ko tari ne. Ni kaina na daina cika baki a tasha, har abokan aiki suka tambaya ko ba ni da lafiya.

Abin da ya faru a rana ta biyu ita ta ba ni labari daga baya. Ya ɗauko tabaraun malamar nan, ya kasa gane ko gyaran ƙafa take so ko canjin gilashi, takardar ta jiƙe da maganin gogewa. Ƙaramin ɗakin yana da taga mai gilashi da ke kallon tsakar gida, a rufe. Ya je ya ƙwanƙwasa, ya tuna ba ta ji, ya yi ta ɗaga hannu har ta gan shi. Ya nuna tabaraun, ya yi magana, ta nuna masa bakinsa ta ɗaga kafaɗa. Ya dubi gilashin sama da ƙasa, ya bi gefensa da yatsa yana neman kafa. Sannan ya sauke takunkumin ya ce, "Ƙafa ko gilashi?" Ta ce, "Ƙafa." Ta ce daga nan bai tafi ba. Ya tsaya yana kallon tagar, har ta ɗauka wani sabon laifin ya gano. Mutumin da ya fi shekara goma sha biyar yana rufe fuskar agogo da gilashi don a ga lokaci ƙura ba ta shiga ba, sai ranar abin ya faɗo masa.

Kwana uku suka cika bai yi tari ba. Na ce, "Ka gani? Ba ko—" na haɗiye sauran. Ya ce, "Wannan karon." Ya zuro mini takarda a faranti, da awon tagar shago a rubuce har da rabin inci.

Yadda na ɗauko gilashin nan a babur labari ne na kansa. Faɗinsa ya kai ƙofar gareji, iska ta ɗaga ni sau biyu, a karo na biyu na hango rufin asibiti. Kafinta ya kafa shi, aka yanka wa tebur aljihu a ƙasa wanda ake turawa waje a jawo ciki. Mai Agogo bai yarda da kafinta ba, ba sai an faɗa ba. Ya kunna kyandir ta ciki, ya sa ni ta waje in bi gefen gilashin ina hurawa, yana kallon harshen wutar. Na hura har na ga taurari da rana tsaka. A kusurwar hagu wutar ta ɗan karkata. Ya yi wani murmushi irin na wanda ya daɗe yana jiran a ci amanarsa, ya cike wurin da danƙo, ya ce in sake daga farko.

Rigimar akwatuna ta fi ta gilashi tsawo. Ita ta ce gogewa ta isa, shi ya ce kwana uku. Sati guda suna ja, ta cikin gida ba takunkumi, har aka tsaya a kwana ɗaya. Akwati na biyu da na uku kuwa ya hana a taɓa su. Ya goge su ya ɗora a saman kabad, ya ce za a neme su, mu dai mu zuba ido. Asibiti ma ya koma bin layi, ba yadda ya iya. Ni nake kai shi, da takunkumi biyu, ya tsaya a waje a gindin bishiya, ni in zauna masa a benci cikin masu tari har a kira lambarsa. Wai ni huhuna biyu, ina da na kyauta.

Yanzu in ka bi ta layinmu za ka gan ta a taga, mutane a tsaye da baki buɗe suna zuba mata ƙarya tana rubutawa. Mai aski ma ya dawo, wai na mararraba ya sa masa batir da ya mutu a kwana tara. Shi kuma yana can baya da madubinsa a ido, rabin hankalinsa a kan agogo, rabi a kan aljihun tebur.

Rannan da yamma na tsaya a wajen gilashin, don har yau ba a ɗage mini doka ba. Ya zo da tsumma zai goge, sai ya kira ni da yatsa. Rana ta karkato ta haska gilashin, ga ɗigo-ɗigon yawun mutane a jikinsa ta waje, ƙanana, daidai tsayin baki, sun fi ƙirga.

"Ka gani? Wannan duk da a fuskarta zai sauka. Shi ne aka ce ya wuce." Ya miƙo mini tsumman ta aljihun tebur. "Goge, ta wajenka ne."

Ina gogewa ya ce, murya ƙasa, ya juya mata baya don kada ta karanta, "Abu ɗaya ke damuna. Kwana ɗaya ba agogon da zai tsaya. Ko ta tsallake akwatin, ba ni da mai shaida."

"To sai ka yarda da ita."

Ya yi tsaki.

"Haka nan nake yi," ya ce. "Ba daɗi."

Daga bayansa matarmu ta ce, "Na gan ka a gilashi, maigida. Kuma bakinka bai karkace ba." Ta nuna mini kusurwar sama. "Kai kuma ka bar wuri, can."